Kenneth Iverson: Ɗan manomin da ya soke fifiko tsakanin alamomin lissafi

Da za a rubuta 2×3+4×5 a takarda a miƙa wa mutum uku, ana iya samun amsa uku, kuma kowanne yana da hujjarsa. Ɗan kasuwar da ya danna lambobin bi da bi a ƙaramar kalkuleta ta kan teburin shago zai ga 50, domin irin wannan na'ura tana yanke hukunci ne nan take, daga hagu zuwa dama. Ma'aikacin ofis da ya riƙe dokar BODMAS tun daga firamare zai ce 26, domin an koya masa cewa ninkawa tana gaba da tarawa. Na uku kuwa, wanda ya saba da harshen kwamfuta mai suna APL, zai ce 46 ba tare da ko ɗar ba.

Wanda ya kafa dokar da ta haifar da amsa ta uku shi ne Kenneth Eugene Iverson, masanin lissafi ɗan ƙasar Kanada, wanda ya bar makaranta yana yaro ya koma gona, daga bisani kuma ya karɓi lambar yabo mafi daraja a fagen ilimin kwamfuta. Ya shafe kusan shekara hamsin yana kare ra'ayi guda: alamomin da mutum yake rubuta lissafi da su suna iya buɗe masa tunani ko su ɗaure shi, kuma doka ɗaya da kowa zai riƙe ta fi tarin dokokin da sai an haddace. A tsarinsa, baka biyu ce kaɗai ke da ikon sauya wa lissafi hanya.

Daga gona zuwa jami'a

An haifi Iverson ranar 17 ga Disamba, 1920, kusa da garin Camrose da ke lardin Albata a yammacin Kanada. Iyayensa manoma ne da suka ƙaura daga Dakota ta Arewa a Amurka, asalin kakanninsu kuma daga Norwe. Ya fara karatu a 1926 a wata makarantar karkara mai ɗaki ɗaya tak, inda manya da ƙanana suke zaune gaban malami guda. Kaifin basirarsa ya sa aka riƙa tsallakar da shi aji, amma yana kammala aji tara ya ajiye karatu. Lokacin karayar tattalin arzikin duniya ce ta shekarun 1930, gona tana buƙatar hannu, shi kuma a ganinsa ƙarin karatu ba ya kai mutum ko'ina sai koyarwa, aikin da a wancan lokacin ba ya sha'awa.

Barin aji bai raba shi da littafi ba. Yana da shekara 17 ya shiga karatun rediyo ta hanyar wasiƙa da wata makaranta da ke Shikago, sannan ya koya wa kansa kalkulas daga littafi, babu malami. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya shiga soja, ya yi aiki a rundunar sojan saman Kanada, a can ma ya ci gaba da karatun sakandare ta wasiƙa. Bayan yaƙi, gwamnati ta ɗauki nauyin karatun tsofaffin sojoji, wani abokinsa na soja kuma ya matsa masa lamba kada ya bar damar ta wuce. Haka ya shiga Jami'ar Queen's da ke Kingston a lardin Ontariyo, ya fita a 1950 da digiri a lissafi da fiziks, shi ne kan gaba a cikin tsararsa, yana dab da cika shekara talatin.

Daga nan ya wuce Jami'ar Havad a Amurka. Ya sami digiri na biyu a 1951, ya kuma kammala digirin digirgir a 1954 a ƙarƙashin manyan malamai biyu. Na farko shi ne Howard Aiken, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera kwamfutocin farko. Na biyu shi ne Wassily Leontief, masanin tattalin arzikin da ya ci lambar Nobel a 1973, wanda ya shahara da jadawalin da ke nuna yadda kowane sashe na tattalin arziki yake saye daga sauran sassa yana kuma sayar musu. Aikin Iverson shi ne sa na'ura ta warware irin wannan lissafi. Tun daga nan idonsa ya saba da kallon lambobi a dunƙule, jeri-jeri da jadawali-jadawali, maimakon ɗaya bayan ɗaya.

Malamin da alamomi suka gaza masa

Wanda ya guji koyarwa yana yaro sai ga shi malami. Havad ta riƙe shi domin ya taimaka wajen kafa wani sabon kwas na sarrafa bayanai da na'ura. A gaban allo ya ci karo da matsalar da ta zame masa aikin rayuwa. Alamomin lissafi da aka gada an tara su ne a tsawon ƙarnoni daga hannun mutane daban-daban, kowa da salonsa. Wata alamar tana zuwa gaban lamba, wata bayanta, wata ta kewaye ta, wata kuma ta hau samanta. Harsunan kwamfuta na lokacin su kuma sun cika surutu a kan ƙananan matakai, har ainihin tunanin ya ɓace a ciki. Sai ya fara ƙirƙiro nasa alamomin domin koyar da ɗalibai, da kuma littafin da yake rubutawa tare da Fred Brooks.

Havad ba ta ba shi kujerar dindindin ba. A 1960 ya koma kamfanin IBM, inda ya haɗu da Adin Falkoff, abokin aikinsa na kusan shekara ashirin. A 1962 ya wallafa littafinsa mai suna A Programming Language, wanda daga haruffan farko na sunansa aka samo APL. A wancan lokacin harshen yana takarda ne da allo kawai. A 1964 shi da Falkoff da Edward Sussenguth suka yi amfani da alamomin wajen bayyana yadda sabuwar kwamfutar IBM mai suna System/360 take aiki dalla-dalla. Zuwa ƙarshen 1966 wasu matasan injiniyoyi, Larry Breed da Dick Lathwell da Roger Moore, suka kammala APL\360, inda mutum zai buga lissafi a kan tafireta ta musamman, amsa ta fito masa nan take. A zamanin da yawancin masu aiki da kwamfuta suke miƙa katunan da aka huda su jira sa'o'i, wannan babban sauyi ne.

Tafiretar ta tilasta wani abu mai muhimmanci: dole kowane lissafi ya kwanta a layi ɗaya miƙaƙƙe, babu hawa sama babu sauka ƙasa. Da komai ya jeru a layi guda, tambayar wane aiki za a fara yi ta zama tilas a amsa ta ƙarara.

Doka ɗaya tak

A makaranta akwai matakala: baka biyu ce a sama, sai ƙarfin lamba, sai rabawa da ninkawa, sai tarawa da ɗebewa a ƙasa. Wannan yana da sauƙin riƙewa muddin alamomin ba su wuce biyar ko shida ba. To amma APL yana da alamomin aiki da dama: na zaɓar babba ko ƙarami, na kwatantawa, na jerawa, na juya jadawali, na tace jeri, ban da ayyukan da mai rubutu zai ƙirƙira da kansa ya sa musu suna. A wane mataki za a ajiye kowanne? Wasu harsunan sun zaɓi tsawaita matakalar. Harshen C, alal misali, yana da matakai goma sha biyar. Iverson ya zaɓi rushe ta gaba ɗaya.

Dokarsa ita ce: duk alamomin aiki darajarsu ɗaya. Kowace alama tana ɗaukar duk abin da ke damanta har ƙarshen layi, amma daga hagunta abu ɗaya kawai take ɗauka, wanda yake maƙwabtaka da ita. Sakamakon haka, aiki yana farawa daga ƙarshen dama ya yo hagu. Wannan bai mai da APL kamar ajami ba, domin ana rubuta shi ana kuma karanta shi daga hagu ne. Aiwatarwa ce kawai take farawa daga dama.

A misalin 2×3+4×5, na'ura za ta fara da 4×5 ta sami 20, ta tara 3 ta sami 23, sannan ta ninka da 2 ta sami 46. Haka nan 10−3−2 yana ba da 9, domin an fara ɗebe 2 daga 3, sannan aka ɗebe 1 daga 10. Shi kuma 8÷2×4 yana ba da 1, alhali a ƙa'idar makaranta 16 ne.

Aikin baka biyu

A nan ne baka biyu ta sami sarautarta. Da yake alama abu ɗaya take gani a hagunta, duk wanda yake so ta ɗauki dogon lissafi daga hagu dole ya ƙunshe shi a cikin baka biyu, ya zama tamkar lamba guda. Idan aka rubuta (2×3)+4×5, amsar makaranta ta 26 za ta fito. Idan aka rubuta ((2×3)+4)×5, amsar kalkuletar shago ta 50 za ta fito. Ba a hana kowa amsarsa ba, an dai ce ya rubuta nufinsa a fili.

Abubuwa uku ne suke biyo bayan wannan, kuma su ne sabon shiga yake yawan tuntuɓe a kansu. Na farko, baka biyu da ta rufe ƙarshen dama ba ta ƙara komai: 2×(3+4) da 2×3+4 duk 14 suke bayarwa. Na biyu, shiga cikin baka biyu ba ya dawo da ƙa'idar makaranta, domin dokar dama zuwa hagu tana aiki a ciki kamar yadda take yi a waje. Saboda haka (10−3−2)×2 yana ba da 18. Na uku, sau da yawa ana iya kauce wa baka biyu ta hanyar sauya wa abubuwa wuri: maimakon (2×3)+4, ƙwararre zai rubuta 4+2×3, amsa ta fito 10 duk ɗaya.

Amfanin dokar ya fi bayyana idan aka zo kan jerin lambobi, wanda shi ne ainihin abin da aka gina harshen dominsa. A ɗauka mai shago yana da kaya iri uku, farashinsu naira 500 da 1200 da 300, an sa wa jerin suna F. Ya sayar da guda 4 da 2 da 10, an sa wa wannan jerin suna Y. Rubuta F×Y kawai ya isa a ninka kowane farashi da yawansa, a sami 2000 da 2400 da 3000. Alamar +/ tana nufin a tara duk abin da ke cikin jeri. Don haka +/F×Y yana ba da cinikin ranar baki ɗaya, naira 7400, babu baka biyu ko ɗaya. Amma da zarar an rubuta (+/F)×Y, magana ta sauya: an fara tara farashin uku an sami 2000, sannan aka ninka shi da kowane yawa, sai a sami 8000 da 4000 da 20000, lambobin da ba su da wata ma'ana a littafin shago. Baka biyu a APL tana iya sauya amsa, tana kuma iya sauya siffarta, daga lamba guda zuwa jeri.

Akwai kuma inda ba makawa sai da ita. A harshen Iverson, kowace magana ta gaskiya 1 ce, ta ƙarya kuma 0. Saboda haka F>400 yana ba da 1 1 0, shi kuma +/F>400 yana ƙirga kayan da farashinsu ya haura naira 400, wato 2. Wanda yake so a fito masa da farashin kansu sai ya rubuta (F>400)/F, ya sami 500 da 1200. A nan sharaɗin yana hagu, don haka dole a ƙunshe shi.

Hujjojinsa

Iverson bai ɗauki dokar a matsayin baƙuwa ba. A wani rataye na littafinsa na 1966 kan koyar da lissafi, ya yi bayanin dalilansa. Masana lissafi tun da daɗewa, idan suka jera ayyuka biyu ko uku a gaban lamba, na kusa da lambar suke fara yi, su yo baya. Abin da ya yi shi ne shimfiɗa wannan tsohuwar al'ada a kan kowace alama.

Harshen yau da kullum ma haka yake tafiya. Idan uban gida ya ce wa yaron shagonsa ya kawo masa rabin ribar cinikin jiya, kunne yana fara jin rabi ne, amma hannu ba zai iya raba komai ba sai an san cinikin jiya, an fitar da riba, sannan a raba biyu. Magana ta fara da abin da ake nema, aiki kuma ya fara da abin da ake da shi. Mai karanta +/F×Y daga hagu yana ganin manufa da farko: jimillar farashi sau yawa. Na'ura kuwa tana farawa daga kayan aiki. Wannan daidaito tsakanin lissafi da nahawu ya daɗe yana jan hankalin Iverson, wanda aka san shi da son ƙamus da bin diddigin asalin kalmomi.

Koyarwa ma tana cikin hujjojin. Ya gwada tsarin a makarantun sakandare a Amurka, ya rubuta littattafan aljabara da shi, ciki har da na 1972. Tunaninsa shi ne, yaron da ba a ɗora wa haddar matakala ba zai fi mai da hankali ga ma'anar abin da yake lissafawa.

Abin da dokar ta ci

Sai dai hannun da ya saba da abu, da wuya ya bari. Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana bin BODMAS ba ya sauya ido a kwana ɗaya, kuma kuskuren da ake yi a nan ba ya ƙara, domin na'ura ba za ta yi gargaɗi ba, za ta ba da amsa ne kawai. A ɗauka ɗan kasuwa yana cin ribar naira 500 a kan kowane buhu, ya sayar da buhu 20, ya biya kuɗin mota naira 2000. Idan akawunsa ya rubuta (500×20)−2000, riba ta fito naira 8000. Idan ya manta baka biyu ya rubuta 500×20−2000, na'ura za ta ɗebe 2000 daga 20, ta ninka da 500, ta nuna hasarar naira 990000. Wannan kuskure yana da girman da kowa zai gani. Mafi haɗari shi ne wanda amsarsa ta yi kusa da gaskiya har ta wuce ba a lura ba.

Masu suka sun kuma ƙorafi kan baƙin alamomin harshen, waɗanda sai da maɓallan bugu na musamman, da kuma yadda wasu gwanaye suke cusa babban aiki a layi ɗaya har marubucin kansa ya kasa karanta shi bayan wata guda. Duk da haka APL ya sami karɓuwa a shekarun 1970, musamman a kamfanonin inshora da na hada-hadar kuɗi, inda aiki da jadawali ya fi yawa. A 1975 IBM ta fitar da ƙaramar kwamfuta mai lamba 5100 da ake iya saye da APL a cikinta. Amma harshen bai taɓa zama na gama-gari ba, kuma yawancin harsunan da suka biyo baya sun riƙe matakalar makaranta. Manhajar Excel da ake aiki da ita a ofisoshi a yau za ta ba da 26 ne a misalin farko.

Girmamawa da ƙarshen rayuwa

A 1970 IBM ta ba Iverson matsayinta mafi girma na masu bincike. A 1979 ya karɓi lambar Turing, wadda ake kwatantawa da Nobel a fagen kwamfuta, kuma laccar da ya gabatar a kan alamomi a matsayin makamin tunani tana cikin rubuce-rubucen da har yanzu ake karantawa. A 1980 ya koma gida Kanada, ya kama aiki da kamfanin I. P. Sharp da ke Toronto, ya yi ritaya a 1987.

Ritayar ba ta zama hutu ba. Yana dab da shekara saba'in, shi da Roger Hui suka fito da sabon harshe mai suna J a 1990. Sun yar da baƙin alamomin, suka koma ga waɗanda ke kan kowane allon bugu, domin harshen ya isa ga ɗalibai a kan kowace kwamfuta. Ya kuma ari kalmomin nahawu wajen bayyana shi: lambobi su ne sunaye, ayyuka su ne aikatau, masu sauya ayyuka kuma bayanau. Abubuwa da yawa sun sauya a J, amma dokar dama zuwa hagu da ikon baka biyu suna nan yadda suke. Haka ma harshen K na Arthur Whitney, wanda zuriyarsa take aiki a manyan bankunan duniya, ya gaji wannan doka.

Ko waɗanda ba su taɓa jin sunan APL ba suna cin gajiyarsa. Alamomin ⌊x⌋ da ⌈x⌉ da littattafan lissafi suke amfani da su wajen mai da lamba cikakkiya ta ƙasa ko ta sama, daga littafinsa na 1962 suka fito. Dabarar mai da gaskiya 1 da ƙarya 0 a tsakiyar lissafi ita ma da sunansa ake kiranta, bayan da Donald Knuth ya yaɗa ta. Tunanin aiki da jeri baki ɗaya kuwa ya ratsa manhajojin nazarin bayanai na wannan zamani.

Ranar 16 ga Oktoba, 2004, Iverson yana zaune gaban kwamfutarsa yana shirya wani darasi na J, ciwon shanyewar jiki ya same shi. Ya rasu bayan kwana uku, ranar 19 ga Oktoba, a Toronto, yana da shekara 83.

Duniya ba ta karɓi dokarsa baki ɗaya ba, amma tambayar da ya tayar tana nan a kowane shago da kowane ofis. Tsarin da ake bi wajen fara wannan aiki kafin wancan yarjejeniya ce ta mutane, kuma na'urori ba su yi ittifaƙi a kanta ba. Mai lissafin albashi ko kuɗin kaya da ya san haka zai fara tambayar wace doka na'urar da ke gabansa take bi, inda kuma ya yi shakka, ya sa baka biyu.